WordPress, Wix ko abin da ɗan ƙanwata zai gina mana?

Tambaya: Ina shugabantar wata makarantar Islamiyya da boko a Mabera, cikin garin Sakkwato. Kwamitin makaranta ya amince mu buɗe shafin intanet, mu riƙa sa sanarwa, hotunan sauka da karatun malamai na murya, da Hausa da Larabci da Turanci, in hali ya yi har da sakamakon ɗalibai da biyan kuɗin makaranta. Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a jami'a ya ce zai gina mana da Strapi da Next.js, wai su ake yayi. Wani uban ɗalibi ya ce Wix, wani ya ce WordPress. Malamanmu ba su wuce WhatsApp da Facebook ba. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ku ɗauki WordPress, irin wanda ake ɗorawa a masauki, wato wurin ajiye shafi a intanet, wanda makaranta ta kama haya da sunanta, kuma ɗan ƙanwar taki ne zai kafa muku shi. Maganar sakamako da biyan kuɗi ku ajiye ta gefe tukuna, zan zo kanta. Da a hanya kika tare ni, iyakar abin da zan ce ke nan. Amma tunda kuɗin jama'a za a kashe, kuma ke za ki tsaya gaban 'yan kwamiti ki kare zaɓin, ga kuma yaro mai zumuɗi da ba a so a kashe masa gwiwa, gara ki ji dalilan.

Duk sunayen nan da aka jero miki aiki ɗaya suke nema su yi. Shafin intanet a asalinsa fayiloli ne da ake rubutawa da yaren kwamfuta, shi ya sa a da ko ranar dawowa hutu za a canza sai an nemo wanda ya iya yaren. Manhajar tafiyar da shafi, wadda masu sana'ar ke kira CMS, ita ta raba aikin gida biyu. Magini ya tsara ginin sau ɗaya. Daga nan malama ta shigo da kalmar sirrinta, ta rubuta sanarwa kamar yadda take rubuta saƙo, ta danna, ta fita. Rubutun yana zaune a rumbun bayanai, kamannin shafin kuma yana cikin abin da nake kira riga, wadda ake iya sauyawa ba a taɓa rubutun ba. Ke nan kowace irin wannan manhaja iyayen gida biyu gare ta, mai gini da mai amfani, kuma abin da ke burge ɗaya sau da yawa shi ke wahalar da ɗayan.

Na daɗe ina wannan aiki a garin nan, kuma cikin shafukan makarantu da ƙungiyoyi da na ga sun mutu, ban tuna ko ɗaya da ya mutu don manhajarsa ta gaza ba. Tafiyar magini ke kashe su. Akwai wata ƙungiya da ta kira ni shekarun baya. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya gina musu shafi, kuma ya yi aiki mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan shafin, da katinsa ya biya masauki, kuma da hannunsa ya rubuta manhajar tun daga tushe. Da ya gama shekararsa ya koma gida, layinsa ya daina shiga. Na tarar da sakataren, dattijo ne, zaune da wani koren fayil a cinya, ya ciro rasiɗin kuɗin da suka biya yana nuna min kamar takardar fili. Ya ce, “Malam, wanga yaro da yag gina muna shi ya tahi da mabuɗinai, mu ko ga shi mun buga adireshin ga kalanda.” Na buɗe adireshin a wayata a gabansa. Wa'adin sunan ya ƙare, wani ya saye shi, tallan caca ne ke walƙiya a wurin. Dattijon ya kawar da kai ya ce a'uzu billahi. Ko harafi ɗaya ba mu ceto ba, sabon suna aka saya aka faro daga fari.

Tun daga ranar, in an tambaye ni wace manhaja ta fi, abu biyu nake dubawa. Wa zai sa sanarwa ranar wata Talata da babu biki babu baƙi, magini kuma yana ɗakin jarrabawa? In kuma magini ya tafi gaba ɗaya, wa zai ɗauki aikin daga inda ya tsaya?

Wix ya ci tambayar farko da maki mai kyau. Kamfanin waje ne da aka kafa a 2006, shi da takwarorinsa irin Squarespace suna ba da komai a haɗe: masauki, riga, tsaro, sabuntawa. A ja hoto a ajiye inda ake so, shi ke nan. Sai dai ɗakin haya ne wanda in za a tashi ba a fita da ko ƙusa. Wix ba ya barin mutum ya kwashe shafinsa kacokan ya kai wani masauki. Ranar da kuka gaji da shi, sabon gini ne. Hayar kuma da kuɗin waje ake biya. Kin dai tuna 2022, lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira ke iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sannan daga tsakiyar 2023 canji ya yi tashin gwauron zabi. Makarantar da ke tara kuɗinta da naira, zango bayan zango, wasu iyayen ma sai an bi su, bai kamata ta ɗaure wuyanta da bashin dala da ba ya ƙarewa ba. Ga mai shagon da ke son shafi guda mai hotuna biyar da lambar waya, ba ni da ja. Ku kuwa za ku tara rubutu da karatu na shekaru.

Abin da ɗan ƙanwarki ya kawo ba shirme ba ne, kada a yi masa dariya. Strapi buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara, da ta fito daga Faransa, tana cikin jinsin da ake kira marasa kai. Ma'ana, ita aikinta ta ajiye rubutu da hotuna ta miƙa su ta wata kafa da ake kira API, amma ba ta da fuskar da baƙo zai gani. Fuskar sai an rubuta ta daban, shi ne aikin Next.js. Amfanin wannan rabuwa shi ne rumbu ɗaya ya ciyar da shafin intanet, da manhajar waya, da allon talla a lokaci guda, kowanne da tsarinsa. Babbar jarida ko kamfanin da ke da magina biyar a kan albashi, wannan shi ne daidai da su. A wurinku kuwa ga yadda abin zai kasance. Manhaja biyu za a riƙe maimakon ɗaya. Dukansu a kan wata manhaja mai suna Node.js suke gudu, wadda galibi ba ta zama lafiya a masauki mai araha na haɗaka, sai an kama musu saba, wato kwamfutar masauki ta kansu, wadda wani zai riƙa kula da ita. Malama za ta iya rubuta sanarwa, wannan gaskiya ne. Amma ranar da kika ce a ƙara sashen hotunan musabaƙa, ko a matsar da jadawalin jarrabawa zuwa sama, sai an taɓa rubutun yaren kwamfuta da yaron ya yi, kuma shi kaɗai ya san inda ya binne komai. Nan da shekara biyu ko uku zai tafi bautar ƙasa, Allah kaɗai ya san jihar da za a jefa shi, daga nan sai neman aiki.

WordPress kuwa babur ɗin kabu-kabu ne. Ba shi ne mafi kyan gani a titi ba, amma duk inda ya tsaya a Sakkwato, daga Gawon Nama zuwa Arkilla, akwai bakanike da ya taɓa kwance irinsa, kayan gyaransa kuma suna nan jibge. Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a 2003, da yaren PHP aka rubuta shi, kyauta ne, kuma lasisinsa na GPL ya ba kowa damar ɗauka, gyarawa da kwashewa zuwa inda ya ga dama. Masu ƙidayar shafukan duniya suna sa shi sama da kashi 40 cikin 100 na dukkan shafuka. Wannan yawa shi ne hujjata, ba wai don abin da mutane suka fi yi shi ne daidai ba, sai don yana nufin ba za ku rasa mai gyara ba, kuma kusan duk masaukin Najeriya da ake biya da naira yana ɗora shi da danna maɓalli ɗaya. Tun sigar 5.0 ta ƙarshen 2018 rubutu a cikinsa ya koma tubali-tubali: tubalin sakin layi, tubalin hoto, tubalin murya. Akwai manhajarsa ta Android, malama na iya sa sanarwa daga wayarta. A kula da abu ɗaya da ke rikita mutane: akwai WordPress.org, inda manhajar kyauta take, akwai kuma WordPress.com, wanda masauki ne na kamfanin Automattic mai tsarin biya kamar na Wix. Na farkon nake nufi.

Ba zan ɓoye miki aibunsa ba. Saboda yawansa, shi ɓarayin intanet suka fi kai wa hari, kuma ba mutum ne ke zaune yana neman makarantarku ba, injuna ne ke zagaye dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Uwar manhajar ba ta cika zama matsalar ba, tun 2013 take toshe ƙananan ramukanta da kanta. Inda bango ke tsagewa ƙadangare ya samu wurin shiga shi ne fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa masa don ƙarin aiki. Sun haura dubu hamsin a rumbun kyauta kawai, wasu ana kula da su, wasu masu su sun watsar da su tun tuni. Mafi muni su ne rigunan kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a guruf-guruf. Na taɓa buɗe wani shafi da aka sa wa irin wannan, na samu ɗaruruwan shafuka na tallan magani da yaren da ba wanda ya iya a ofishin, an ɓoye su ba mai gani sai Google. Araha ba ta ado. Dokata ga makaranta irin taku: riga ɗaya mara nauyi daga rumbun WordPress.org, fulogin kada su wuce a ƙirga da yatsun hannu biyu, kowanne a san dalilin zamansa, a kunna musu sabunta kai, abin da aka samu tun sigar 5.5 a 2020. Manyan fulogin na zane irin Elementor suna sa shafi ya yi kyau a kwamfutar magini, amma suna ƙara masa nauyi, iyayen ɗalibanku kuwa da waya za su buɗe shi, da datar da suka saya ta kwana ɗaya. Har ila yau gidan WordPress ɗin kansa ba ya rasa rigima. A 2024 Mullenweg ya yi kaca-kaca da kamfanin masauki na WP Engine har aka je kotu a Amurka. Rikicin bai taɓa shafi irin naku ba, amma ya tuna mana cewa ajiyar kwafin kayanka a hannunka ba ta da madadi.

Wani zai ce miki ina Drupal da Joomla. Joomla ta fito a 2005, sunanta daga kalmar Suwahili ne, 'yar'uwar “jimla” tamu, dukansu daga Larabci. Manhaja ce mai kyau, tana zuwa da tsarin harsuna da yawa a jikinta, sai dai masu riƙe da ita a nan sun yi ƙaranci. Drupal, wanda Dries Buytaert na Beljiyam ya fitar a 2001, shi ne na fi girmamawa a fannin tsari. Da a ce tambayar daga ɗakin adana rubuce-rubuce ta zo, irin na Waziri Junaidu ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ana so a jera dubban takardu kowace da mawallafi, mai kwafi, harshe, fanni da adadin warƙa, ga ma'aikata ashirin kowa da iyakar abin da zai taɓa, da Drupal zan ce ba tare da jinkiri ba. Amma Drupal na son magini na dindindin. Waɗanda suka yi gini da Drupal 7 sun ga haka: an daina tallafa masa ranar 5 ga Janairun 2025, kuma tashi daga shi zuwa sababbin sigogi kusan sake gini ne. Irin su Hugo da Jekyll, masu fitar da shafi busasshe mara rumbun bayanai, sauri gare su kuma da wuya a fasa su, amma sai mai rubutu ya iya Git, manhajar da magina ke adana aikinsu da ita, don haka malamanku sun fita. Ghost na masu wasiƙar labarai ne da ke karɓar kuɗin mamba, ba hanyarku ba ce.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kanki, domin magina da yawa ba sa lura da shi: haruffanmu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk manhajojin nan suna iya ajiye ɓ da ɗ da ƙ, wannan an wuce shi tun da aka koma Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya. Matsalar tana zubin haruffa, wato salon zanensu, da rigar ta zo da shi. Da yawa daga zubin da ake yayi ba su da masu lanƙwasa, sai waya ta aro su daga wani zubin, ki ga “ƙarƙashin” ta fito ƙ ɗinta biyu sun fi sauran girma ko sun karkace, a tsohuwar waya ma akwati ne zai fito a madadinsu. Kafin a amince da kowace riga, a rubuta “Ɗalibai ƙanana sun ɓata lokaci” a kanun labari da cikin rubutu, da kauri da siriri, a duba a waya uku mabambanta. Noto Sans na Google da Andika na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, suna da su cikakku, kuma kyauta ne. Gboard, manhajar Google ta rubutu a waya, yana da allon rubutun Hausa, a sa wa kowace malama a wayarta, don kada rabin shafin ya zama “kasa” rabi “ƙasa”, mai nema ya rubuta ɗaya ya rasa ɗaya. Haka ku zauna ku yanke shawara kan 'y, wanda muke rubutawa a Najeriya, da ƴ da 'yan'uwanmu na tsallaken Illela ke amfani da shi; ku ɗauki ɗaya ku tsaya a kai. A adireshin kowane rubutu kuwa a bar haruffa marasa lanƙwasa, domin in aka kwafi adireshi mai ƙ aka tura a WhatsApp, sai ta rikiɗe ta zama %C6%99, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni har iyaye su ɗauka na 'yan damfara ne.

Harsuna uku kuma, nan ne WordPress ke ɗingishi, don har yanzu sai da fulogin. Polylang yana da siga ta kyauta da za ta ishe ku, WPML na kuɗi ne. In an zaɓi Larabci, shafin zai juya daga dama zuwa hagu, muddin rigar ta san da hakan, a gwada. Shawarata kada ku ɗora wa kanku fassara komai sau uku, za ku gaji kafin zango ɗaya ya ƙare. Hausa ta zama uwar gida, Turanci ya tsaya a shafuka huɗu ko biyar da ba sa canzawa, irin tarihin makaranta da ka'idar shiga, Larabci kuma ga darussa. Wani abu da malaman Larabci ke jin daɗi: kowane mai shiga na iya zaɓar harshen ɗakin aikinsa, sai ustazu ya mayar da nasa Larabci ba tare da ya taɓa na kowa ba. In kuna da niyyar sa ajami, irin na allo mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, zubin Larabci na yau da kullum ba zai ba ku abin da ido ya saba ba. SIL ta yi zubi biyu don yankinmu, Harmattan da Alkalami, na biyun an kwaikwayi rubutun hannu irin na Kano. Su ma kyauta ne.

Karatun murya kada a zuba shi a masaukin makaranta. Yi lissafi: sa'a ɗaya ta murya a matsakaicin inganci, kilobit 64 a daƙiƙa, tana cin kusan megabait 29. Tafsirin kwana talatin ya doshi megabait 900, wannan ajiya kawai. In mutum 500 suka sauke karatun rana ɗaya, an kwashi fiye da gigabait 14, masauki mai araha zai fara nishi ko ya rufe ku. A ɗora muryar a Internet Archive, wani rumbun ajiya na kyauta a intanet, ko YouTube, a kawo ta shafin a liƙa, mai sauraro ba zai ga bambanci ba. Hotuna ma a rage su kafin a ɗora. Hoton waya na megabait huɗu yana iya komawa kilobait 200 ido bai gane ba.

Duk abin nan da na faɗa, kada ki karɓa don na faɗa. Ba a cinikin biri a sama. Ki sa yaron ya kafa WordPress na gwaji, in yana so ya kafa Strapi ɗinsa a gefe, ki zaɓi malamar da ta fi kowa gudun kwamfuta, a ba ta aiki uku: ta sa sanarwar walimar sauka da hoto ɗaya, ta gyara kuskuren kwanan wata a ciki, ta cire tsohuwar sanarwa. Sharaɗin shi ne magini ya zauna ya naɗe hannu, kada ya ce uffan. Na yi wannan a wata makaranta da tsakar rana cikin zafin bazara, babu wuta, fanka a tsaye. Malamar na riƙe da Tecno mai tsagaggen gilashi, ta rubuta sanarwar tsaf, ta zaɓi hoto, sai sandar lodi ta tsaya a rabi ta ƙi gaba. Ta jira, ta girgiza wayar, ta ɗaga ta sama wajen taga, sannan ta dube ni ta ce, “To mi yah hana shi tahiya?” Hoton ne ya yi nauyi. Magininsu, wanda ya yi wata guda yana gyara kalar maɓallai, a ranar ya gane inda aikinsa yake. Da aka nuna mata yadda za ta rage hoto, a karo na biyu ko kallona ba ta yi ba.

A ba kowa matsayin da ya dace da shi. Mai cikakken iko, wato admin, mutum biyu kawai: ke da magini, kowa da nasa shiga. Mataimakiyarki ta zama edita, tana iya gyara da fitar da rubutun kowa amma ba ta iya taɓa riga ko fulogin. Amintattun malamai su zama marubuta, kowa na fitar da nasa. Akwai matsayi na ƙasa da wannan wanda ke rubutawa sai an duba a fitar, sai dai shi ba ya iya ɗora hoto, a san da haka kada a zaci lalacewa ce. Kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani ita ce farkon ɓarna, don ranar da aka goge wani abu ba za a san wa ya yi ba.

Sakamakon ɗalibai kuwa ba aikin wannan manhaja ba ne. Abin da makarantu ke yi, a ɗora PDF mai sunayen yara da makinsu kowa ya sauke, Google na ganinsa ya adana, shekara biyar bayan haka a rubuta sunan yarinya a ga ta faɗi lissafi a aji huɗu. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, ta kuma nemi yardar iyaye a kan bayanan yara. Wannan ya shafi hotunan sauka ma, musamman na 'yan mata. A tambayi iyaye a rubuce. In lokacin sakamako ta intanet ya yi, manhaja ce daban mai ƙofa a kulle, kowane uba ya ga na ɗansa kaɗai. Biyan kuɗi ya fi sauƙi: Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na barin a buɗe shafin biya ba tare da rubutu da yaren kwamfuta ba, a sa mahaɗinsa a shafinku, bayanan katin kowa ba sa bi ta hannunku. Ko da yake na san yawancin iyaye tiransifa za su ci gaba da yi su turo rasiɗi ta WhatsApp.

Kai kuma ƙanena, na san za a nuna maka wannan amsa, kuma na san kana ganin WordPress aikin 'yan koyo ne. Akwai aikin magini a ciki da ya fi ƙarfin danna maɓalli. Ka ƙirƙiri nau'in rubutu na musamman mai suna Darasi, da gurbin malami, littafi, babi da mahaɗin murya, yadda ustazu zai cike gurabe huɗu kawai, mai karatu kuma ya tace ya ga duk darussan Ahalari ko Ishmawi a jere. Gyare-gyarenka su zauna a 'yar riga da ta gaji uwar, don kada sabuntawa ta share su, ka ajiye ta a Git. Ka kulle tubalan shafin farko yadda ba mai ruguza su bisa kuskure. Ka kunna takardar tsaro ta Let's Encrypt, kyauta ce, in babu ita Chrome zai rubuta wa iyaye cewa shafin ba amintacce ba ne. Ka sa fulogin na UpdraftPlus ya riƙa tura kwafi Google Drive na makaranta duk mako, sannan ka gwada dawo da shafin daga kwafin sau ɗaya da idonka, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Next.js ɗinka ma bai ɓata ba: tun sigar 4.7 ta 2016 WordPress ke da API a jikinsa, ranar da makaranta ta buƙaci manhajar waya, daga wannan rumbun za ka ja darussan, malamai ba su ma san an yi ba.

Hajiya, kafin a biya ko kwabo, a buɗe imel da sunan makaranta, a ɗaure shi da layin wayar makaranta, ba na wani malami ba. Da shi za a yi rajistar sunan shafin da masaukin. Ku nemi suna mai ƙarewa da .sch.ng, wanda aka keɓe wa makarantun firamare da sakandare, ko .org.ng, hukumar NiRA ke kula da su, kuma ana biya da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Yaron ya rubuta takarda ta shafi biyu da Hausa: ina aka sayi suna, ina masauki yake, waɗanne fulogin aka sa kuma don me, ina kwafi ke zuwa. A sa ta a ambulan tare da kalmomin sirri, a ajiye inda kuke ajiye takardun filin makaranta, shugaban kwamiti ya san wurin. Ranar sabunta sunan kuma a rubuta ta a kalandar zango, kusa da ranar biyan albashi, wata guda kafin wa'adin ya cika.